Kafofin USB Da Ma'ajin Bayanai A Motar Lantarki

1. Gabatarwa

Duk wanda ya shiga motar lantarki, in ya duba ƙarƙashin allon da direba ke sarrafa mota da shi, ko tsakanin kujerun gaba, ko bayansu, zai ga waɗansu 'yan kafofi waɗanda faɗinsu bai wuce kan ɗan yatsa ba. Su ne a ke kira kafofin USB. Yawancin mutane sun ɗauke su wurin cajin wayar hannu kurum. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abu biyu. Na farko, kafar nan aiki biyu aka yi ta domin su, amma ba kowace kafa ce a mota ke yin duka biyun ba. Na biyu, abin da a ke sokawa cikinta don ya adana hotuna yana da iyakar kwana, ya kan tsufa ya mutu ba tare da ya yi sallama ba. Wanda bai san waɗannan ba, ranar da aka buge masa mota a wurin ajiya ya je neman shaida, sai ya tarar ba a rubuta kome ba.

Za mu yi amfani da kalmomi uku. "Kafa" ita ce ramin da a ke soka igiya ko filash. "Bayanai" su ne duk abin da kwamfuta ke iya riƙewa, ko sauti, ko hoto, ko taswira, ko rubutu. "Ma'aji" kuwa shi ne abin da bayanan ke zama cikinsa, kamar yadda hatsi ke zama cikin rumbu.

2. Asalin kafar da yadda aka gina ta

A shekarar 1996 ne waɗansu kamfanoni bakwai, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM, suka fito da tsarin USB. Kafin nan kowace na'ura da a ke haɗawa da kwamfuta tana da irin nata baki, sai suka shirya a yi baki ɗaya wanda zai karɓi kowa. Kafa ta asali, wadda a ke kira USB-A, sili huɗu ne a cikinta. Biyu suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu kuwa suna ɗauke da bayanai. Wannan rabo shi ne mabuɗin dukan abin da za mu faɗa a gaba, don ana iya haɗa silin wuta a bar silin bayanai a sake, kafar kuwa ba za ta sāke kama ba ko kaɗan.

Tsarin ya yi ta ƙaruwa da sauri. USB 2.0 na shekarar 2000 yana iya kai megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 na 2008 ya ninka wannan kamar sau goma. A 2014 aka fito da sabon baki, USB-C, mai tsinke 24, wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa, ta duk inda aka juya shi zai shiga. Wutar da kafa ke bayarwa ita ma ta ƙaru: ta USB 2.0 wat 2.5 ce kacal, amma tun 2021 ƙa'idar USB-C ta yarda a kai har wat 240.

3. Dalilin da ya sa abin ya fi shafar motar lantarki

Mai karatu zai ce, ai motar fetur ma tana da kafar USB. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Motar fetur in an kashe injinta, ɗan batirinta mai bolt 12 shi kaɗai ya rage, in aka bar kwamfuta da kyamarori suna ci daga gare shi, ba da daɗewa ba zai kasa ta da mota. Motar lantarki kuwa tana zaune bisa babban batir mai bolt kamar 400, waɗansu ma 800, kuma akwai na'urar da ke sauke wannan ƙarfi zuwa bolt 12 ko kusa da haka, sa'an nan a sāke sauke shi zuwa abin da kafar USB ke bukata. Batirin mota matsakaiciya yana riƙe kilowat-awa kamar 60, na wayar hannu kuwa wat-awa kamar 15, watau batirin motar daidai ya ke da na waya 4,000. Saboda haka motar lantarki tana iya kwana idonta biyu alhali tana ajiye.

Kamfanin Tesla na Amurka ya yi amfani da wannan dama. A 2018 ya ba motocinsa ikon rubuta abin da kyamarar gaba ke gani cikin filash ɗin da mai mota ya soka. A farkon 2019 ya ƙara wani tsari da ya raɗa wa suna Sentry Mode, mu kuwa za mu kira shi tsarin gadi, wanda ke ɗaukar hoton abin da ya matso kusa da mota sa'ad da ba kowa a ciki. Kafin ƙarshen wannan shekara kyamarori huɗu ke rubutawa tare, ta gaba da ta baya da na gefe biyu. Ta haka kafar da dā ba ta wuce ta sauraron waƙa ba ta zama ƙofar da shaida ke bi ta fita.

4. Kafa mai ji da kafa kurma

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A motoci da yawa kafa ɗaya ko biyu ne kaɗai aka haɗa silin bayanansu da kwamfutar mota, sauran, musamman na kujerun baya, wuta kurum su ke bayarwa. In aka soka filash a irin wannan kafa, zai sami wuta, in yana da 'yar fitila ma za ta kama, amma mota ba ta san da shi ba. Haka nan tsarin CarPlay na Apple da Android Auto na Google, waɗanda ke nuna abin da ke cikin waya a allon mota, in ta igiya a ke haɗa su ba su aiki sai a kafa mai ji. Igiyar ma akwai kurma, don masu araha da yawa silin wuta kaɗai ke cikinsu.

Ko a mota iri ɗaya abin ya kan sāke daga shekara zuwa shekara. Tun ƙarshen 2020 Tesla ya fara sa wata kafa ta musamman a cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja a motarsa Model 3. Hikimar wannan a fili ta ke: ɓarawon da ya fasa gilashi zai iya zare filash ɗin da ke a sarari ya tafi da hoton fuskarsa, amma akwatin ana iya kulle shi da lambar sirri. Sa'an nan a 2021, shekarar da duniya ta yi fama da ƙarancin ƙananan kayan kwamfuta, kamfanin ya bayyana cikin littafin jagorar motar cewa waɗansu motocin da aka ƙera bayan wajen 1 ga Nuwamba na wannan shekara kafofinsu na tsakiya caji kurum su ke yi. Ke nan motoci biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya, wannan tana ji a tsakiya, waccan ba ta ji sai a akwati.

5. Yadda ma'aji ke tsufa

Filash da katin memori da SSD duk asalinsu ɗaya ne, watau irin ma'ajin da Fujio Masuoka ya ƙago a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. A cikinsa akwai 'yan gidaje dubban miliyoyi, kowanne an kewaye shi da wata siririyar katanga wadda ke tsare 'yar wutar da aka zuba ciki, ko da an zare shi daga lantarki. Kafin a sāke rubutu a gida sai an share shi, sharewar kuwa ita ce a tura wutar ta ratsa katangar da ƙarfi. Kowace ratsawa tana ɗan cin katangar. Misalinsa allon almajiri ne: karanta shi ba ya rage masa kome, wanki da sāke rubutu su ke cinye shi. Don haka masu ƙira suka sa wa ma'aji dabarar rarraba rubutu ko'ina cikinsa, kada gida ɗaya ya sha wanki kullum sauran suna hutawa. Daga nan za a gane dalilin da ya sa babban ma'aji ya fi ƙarami daɗewa a kan aiki iri ɗaya: mai allo takwas ba ya wanke kowanne sai sau ɗaya a inda mai allo guda zai wanke nasa sau takwas.

Wannan ba zancen zato ba ne, ya riga ya faru. Motocin Tesla Model S na 2012 zuwa 2018 da Model X na 2016 zuwa 2018 suna da wani ma'aji na ciki mai gigabait 8 wanda allon sarrafa mota ya dogara da shi. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta bincika ta ce wanki kamar 3,000 ya ke iya ɗauka, kuma ya kan ƙare cikin shekara biyar zuwa shida. In ya ƙare allon ya mutu, direba ya rasa kyamarar baya, da maɓallin share raɓa daga gilashi, da ƙarar da ke tuna masa ya kunna sigina. A watan Fabrairu 2021 kamfanin ya kira motoci kimanin 135,000 don a sāke musu wani mai gigabait 64. Abin da bai kai girman ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, shi ya mai da wannan taron motoci garejin gyara.

6. Zaɓin abin da za a soka

Littafin jagorar Tesla ya gindaya sharuɗɗa, waɗanda za su yi wa mai kowace irin mota amfani wajen awo. Ma'ajin kada ya gaza gigabait 64, kuma ya iya karɓar aƙalla megabait 4 kowace daƙiƙa ba yankewa. A lura da kalmar "ba yankewa". Saurin da a ke bugawa a jikin kwali yawanci na ɗan lokaci ne, kamar gudun doki a sukuwa, alhali abin da mota ke so tafiyar raƙumi ce. In aka yi lissafi, megabait 4 a daƙiƙa sun zama gigabait 14 da ɗoriya a awa guda, watau a wannan sauri ma'aji mai 64 zai sha wanki ɗungum cikin awa huɗu da rabi.

Filash na kasuwa an yi shi don a ɗora takardu jefi-jefi, shi ya sa ya fi saurin mutuwa a wannan aiki. Katin memori irin wanda aka yi musamman don kyamarar tsaro ya fi shi juriya, kuma masu yinsa su kan ba da tabbacin yana aiki har zafin digiri 85, sai dai yana bukatar ɗan abin da zai haɗa shi da kafa. SSD ya fi su duka girma da daɗewa, amma ya fi cin wuta, kuma yawancinsu iyakar zafin da aka yarda musu bai kai na katin ba. Wannan abin dubawa ne ga mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar waje kanta ke wuce digiri 40 da bazara, balle cikin motar da aka rufe a rana. Akwai kuma na jabu, wanda ke cewa 128 alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba. Araha ba ta ado. Gwajinsa shi ne a cika shi fal a kwamfuta, sa'an nan a buɗe abin da aka fara zubawa a ga ko yana nan.

Saura shata fili. Kafin a yi rubutu a ma'aji sai an tsara shi bisa wata ƙa'ida, kamar yadda a ke ja wa takarda layi. Motocin Tesla suna karɓar exFAT, wanda Microsoft ya fito da shi a 2006, da ext4, amma ba su rubuta hoto a NTFS. Motar tana iya tsara ma'ajin da kanta daga allonta, sai dai yin haka yana share duk abin da ke ciki.

7. Amanar abin da aka adana

Ma'ajin da ya tsare shaida shi ne kuma ke tsare sirri. A watan Maris 2019 tashar CNBC ta ba da labarin masu bincike da suka sayi motocin Tesla da suka yi haɗari, suka tarar da bidiyo da wuraren da aka je da lambobin wayar mutane a cikinsu ba a kulle ba. A Fabrairu 2023 kuma hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Holan ta sanar cewa kamfanin ya gyara tsarin gadi, kyamarori ba su ɗauka sai mai mota ya kunna su da kansa, fitilu kuma suna walƙiya don mai wucewa ya sani. Hukumar ba ta ci kamfanin tara ba, ta ce alhakin hoton a wuyan mai mota ya ke. Wannan ya shafe mu, don motocin da ke shigo mana ta Ikko da Kwatano yawancinsu wani ya riga ya hau. Mai saye yana gadon ma'ajin da ya sha wanki, wani lokaci har da sirrin mai shi na farko, kuma shi ma ran da zai sayar haka zai bar nasa in bai share ba.

8. Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan darasi zai iya taƙaita shi cikin tambayoyi uku da mai mota zai yi wa kansa. Wace kafa ce ke ji a motata? Amsar tana cikin littafin jagora na shekarar da aka ƙera motar, ba na wata shekara ba. Ma'ajin da na soka an yi shi don rubutu ba yankewa? Kuma yaushe rabona da in zare shi in buɗe in ga ko hoton jiya yana nan? Ta ukun ita ce mafi nauyi, don ma'ajin da ya mutu da mai rai kamarsu ɗaya a ido, ba a rarrabe su sai an buɗe.