Liverpool: Daga Sauke Gyaɗa Da Manja Zuwa Karɓar Baƙi

Baƙon da ya sauka a birnin Liverpool, wanda ke bakin kogin Mersey a arewa maso yammacin Ingila, ya nufi tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Albert Dock, ba zai tarar da 'yan dako ko buhunan kaya ba. Manyan ɗakunan ajiya na jan bulo da aka buɗe a cikin shekarar 1846 domin auduga da taba da shayi suna nan tsaye, sai dai abin da ke cikinsu yanzu shi ne gidajen tarihi da gidajen abinci da kantuna da masaukan baƙi.

Tsofaffin 'yan kasuwar Nijeriya sun san sunan wannan birni tun kafin a san shi da ƙwallon ƙafa. Nan ne hedkwatar kamfanin John Holt da ta kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster take, kuma nan ne ake sauke manja da fatu, da gyaɗar Kano bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Kano da Legas. A tsallaken kogin ne kamfanin Lever Brothers ya kafa masana'antar sabulunsa ta Port Sunlight. Kafin duk wannan, dukiyar birnin ta ginu ne a kan cinikin bayi, domin jiragensa sun yi ta zirga-zirga zuwa Bonny da Kalaba har zuwa 1807, lokacin da Birtaniya ta haramta cinikin. Gidan tarihin bauta da aka buɗe a Albert Dock a 2007 bai ɓoye wannan ba.

Abubuwa biyu ne suka karya tashar. Na farko shi ne zuwan kwantena, wadda ke bukatar ruwa mai zurfi da fili mai faɗi da injunan ɗaga kaya, ba dubban 'yan dako ba. A 1972 aka buɗe sabuwar tashar kwantena a Seaforth, can bakin teku, a shekarar ce kuma aka rufe Albert Dock, laka ta cike ta. Na biyu shi ne shigar Birtaniya Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, abin da ya karkatar da ciniki zuwa tashoshin kudu da gabas irin su Felixstowe, aka bar Liverpool tana fuskantar tekun Atlantika. Masana'antu suka bi sahu, har da matatar sukari ta Tate & Lyle da aka rufe a 1981, shekarar da tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth. Birnin da yake da mutane fiye da 840,000 a 1931 ya koma kusan 440,000 a 2001.

Kuɗin gwamnati ne ya buɗe hanyar farfaɗowa, 'yan kasuwa masu zaman kansu kuwa sai da suka ga ƙura ta lafa sannan suka shigo. A 1981, a zamanin minista Michael Heseltine, aka kafa hukumar raya yankin Merseyside, wadda ta yashe lakar tashar, ta gyara gine-ginen maimakon ta rushe su. Gidan zane-zane na Tate ya buɗe a nan a 1988, kuma daga 1994 tallafin Tarayyar Turai ga yankunan da aka bari a baya ya fara shigowa. A 2004 hukumar UNESCO ta sa gaɓar birnin cikin wuraren tarihi na duniya, a 2007 aka buɗe matsayar manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, a 2008 kuma birnin ya zama cibiyar al'adu ta Turai, aka kuma buɗe rukunin kantunan Liverpool ONE wanda ya ci kimanin fam biliyan 1. Sunan mawaƙan Beatles da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu, Liverpool da Everton, su ne hajar da ba a kashe ko kwabo wajen ƙirƙirarta ba.

Amma wannan ciniki yana da nasa farashin. A 2021 UNESCO ta cire birnin daga jerin nata, bisa dalilin cewa sababbin gine-ginen da ake yi a gaɓar, musamman filin wasan Everton a tsohuwar tashar Bramley-Moore, sun ɓata fasalin wurin. Shugabannin birnin sun nuna ɓacin ransu, amma ba a dakatar da aikin ba, kuma filin, mai ɗaukar mutane fiye da 52,000, ya fara aiki a 2025. Bugu da ƙari, aikin otal da kanti ba ya maye gurbin aikin tasha ta fuskar albashi da ɗorewa, kuma wanda ya yi 'yar tafiya zuwa arewacin birnin zai shiga unguwannin da har yanzu suke cikin mafiya talauci a Ingila.

Ita kanta tashar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. A 2016 kamfanin Peel Ports ya buɗe tashar kwantena mai zurfi ta Liverpool2 a Seaforth, inda injuna ke sauke manyan jiragen da tsohuwar tashar ba za ta iya ɗauka ba, da ma'aikata kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da na zamanin gyaɗa.