Hantar uwa da nauyin jariri

A ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, idan mace ta haifi jariri ɗan firit, mata ba sa rasa bayani: ba ta cin abinci, zazzaɓin sauro ya sa ta gaba, ko kuma haka jininsu yake. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai dalilin da ba a ambatonsa a ɗakin mai jego, wato ciwon hanta nau'in C.

Ta jini ƙwayar take shiga: askar wanzami da aka yi wa yara da dama kaciya ko cire belu da ita, ƙaho, almakashin mai yankan farce, allurar da aka maimaita wa mutum biyu. Takan kwanta a hanta shekaru ashirin ba ta motsa ba, ido bai yi shawara ba, mace tana daka tana wanki. Sai a 1989 masana suka gano ta, kuma har yau ba ta da rigakafi. Allurar da ake yi wa jarirai ranar haihuwa ta nau'in B ce, kada a ruɗe.

Likitoci sun lura cewa masu ɗauke da ita sun fi haihuwar jariran da ba su kai kilo biyu da rabi ba, da kuma bakwaini. Ana danganta hakan da kumburin da ke taɓa mabiyiya, wadda ta nan ɗan tayi ke samun abinci da iska. Jaririn da ya zo a haka sanyi na saurin kama shi, tsotson nono na yi masa wuya.

Wata ƙanwata, a watanta na bakwai, ta riƙa kwana tana goga tafin ƙafarta a bakin tabarma, tafin hannunta ma duk ta sosa ya yi ja, alhali babu ƙurji ko ɗaya. Gwaggonmu ta ce, "Ke dai yi haƙuri, 'yar nan, zafin ciki ne." Malamar awo kuwa jin haka sai ta tura ta gwajin jini. Irin wannan ƙaiƙayin na nuna ruwan maɗaciya ya taru a jini, abin da ya fi samun masu nau'in C, kuma yana iya yi wa ɗan tayi illa.

Hankalin mai ciki ya kwanta da wannan: cikin jarirai 100 da irin waɗannan iyaye mata suka haifa, kusan shida ne ke ɗaukar cutar, sai dai adadin yakan ƙaru idan akwai cutar ƙanjamau. Haihuwa ta hanyar tiyata ba ta rage wannan haɗarin. Shayarwa ba laifi, sai in kan nono ya tsage yana jini. Yaron kuma a gwada shi idan ya kai wata 18.

Abin da ke ci mini rai shi ne cutar tana warkewa. Ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Da su Masar ta kusa kawar da ita, bayan ta gwada miliyoyin mutane tun daga 2018. Sai dai an fi ba da su kafin ciki ko bayan haihuwa, don haka gwajin ya kamata ya riga cikin. Kano ta sa ciwon hanta cikin gwajin kafin aure a dokarta ta 2024. Mu a nan, waliyyin da ya tambayi sakamakon jinotayif a wajen baiko, ya haɗa da na B da na C, na angon da na amaryar.