Ko Ka San Mizanin Eriya Mai Reshe Biyu?

Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi a kasuwar shanu ta Iware, kusa da Jalingo, ya ɗaura guntuwar waya a kan eriyar rediyonsa domin ya kamo gajeren zango, haƙiƙa ya ga farkon wani ilmi mai zurfi, domin mai saurare kowace waya ta wadatar da shi, amma ma'abota rediyon sha'awa, waɗanda suke aika magana da kansu, kuma alamar kiransu a Nijeriya take farawa da 5N, ba su da wannan rangwame.

Eriyar da suka fi yawan kafawa ita ce mai reshe biyu, irin wadda Bajamushe Heinrich Hertz ya yi gwaji da ita a 1887. Waya ce ta tagulla mai tsawon rabin zango, wato kimanin mita 20 ga mai aiki a zangon mita 40, a yanke ta a tsakiya, a haɗa igiyar na'ura a wurin yankan. A daidai wannan mahaɗa eriya takan yi wa wuta wata turjiya, wadda ake aunawa da ma'aunin om, malaman fannin kuma suka ƙaddara ta da om 73, alhali kuwa igiya da na'urar aikawa galibi a kan om 50 aka ƙera su. Idan babu muwafaka tsakaninsu, sai wani kaso na ƙarfin ya juyo da baya. Saɓanin 73 da 50 dai ba abin tayar da hankali ba ne, tun da abin da yake juyowa bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Sai dai fa wannan adadi na littafi, wanda ɗalibai suke haddacewa tamkar nassi, hukunci ne na eriyar da take rataye a sarari, nesa da ƙasa da bishiya da kwanon rufi, sharaɗin da ba ya cika a gidan kowa. In an ɗaga waccan waya a kan gora mai mita 7, turjiyarta takan sauko wajen 50. In an kai ta mita 14, sai ta haura kusan 90. Hatta ƙasar da take ƙarƙashinta tana da nata tasiri, don jiƙaƙƙiyar ƙasar damina a kwarin Binuwai da busasshiyar ƙasar hunturu ba sa mayar da siginar rediyo iri ɗaya. Wanda kuwa ya yi gangancin haɗa igiya a ƙarshen waya maimakon tsakiyarta, zai tarar da turjiya ta kai dubbai, sai ya nemi taransifoma ta daidaita masa.