Feather, Plumage, Down: Mu Duk Gashi Muke Cewa

Duk wanda ya taɓa karanta takardar maganin kaji ko littafin kiwo na Turanci ya ci karo da waɗannan kalmomi uku. Mu a Hausa gashi ɗaya ne, na mutum da na akuya da na kaza. Har ma in ka ce "gashin kaza" a tasha, wani tunaninsa wurin mai nama zai tafi.

Feather shi ne sili ɗaya na gashin tsuntsu. Plumage kuwa rigar gaba ɗaya ce, launinta da ƙyallinta da yadda ta kwanta a jiki. Down shi ne lallausan gashin nan mai kamar auduga da ɗan tsako ke fitowa da shi daga ƙwai.

Na ukun nan ne ya fi janyo wa sabon mai kiwo asara, musamman a nan yankinmu na Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Tsanyawa, inda sanyin asuba a Disamba da Janairu ba ya wasa. Wannan gashi ba ya riƙe ɗumi sosai. Sai tsako ya kai wajen sati 5 zuwa 6 kafin gashin gaske ya rufe shi. In littafi ya ce a bar ɗumi har sai sun zama fully feathered, wannan yake nufi. Na sha ganin wanda ya janye gawayi a sati na biyu don kwana biyu an yi rana, da safe ya tarar sun danne juna a kusurwa.

Sai ruffled feathers. A hirar Turawa ma'anarsa an ɓata wa mutum rai. A takardar magani kuwa kaza ce ta takure, gashi ya tashi tsaye, fuka-fukai sun saki. Ba sunan cuta ba ne, alama ce kawai. In 'yan sati 3 zuwa 6 ne, ga farin zawo, a yi zargin Gumboro. In da jini a kashi, koksidiyosis. Nukasil ma tana zuwa da hakan. Shi ya sa ni ba na goyon bayan a ruga kemis don ganin gashi kaɗai. A ware marar lafiyar, a kira malamin dabbobi.

Kaza mai ƙwai da ta shekara tana yi za ta iya zubar da gashi ta dakata, wato moult, kuma ba ciwo ba ne. Amma in kaji na tsigar juna, duba cunkoso da ƙarancin furotin a abinci, don gashi kusan duk furotin ne. A ɗaga fiffike kuma a duba ƙwarƙwata.

Masu tarwaɗa, ku ma da naku. Feather meal da ake ambata cikin haɗin abincin kifi gashi ne da aka dafa da tururi mai matsi, aka busar, aka niƙa. Wanda aka fige a kasuwa aka watsa cikin kududdufi ɗanye, kifi ba ya iya narkar da shi, ruwan kawai zai ɓata maka.