Ƙadangare Mai Gemu: Abin Da Ke Hana Ɗansa Girma A Hannun Masu Kiwo

A busassun dazuzzukan tsakiyar ƙasar Ostareliya akwai wani irin ƙadangare da ake kira mai gemu, saboda wata jaka mai ƙayoyi da ke ƙarƙashin haɓarsa, wadda yakan kumbura ta ta yi baƙi idan ya fusata. Masana sun tabbatar da cewa danginsu ɗaya da ƙadangaren nan namu mai shan hantsi a kan katanga. Tun cikin shekarun 1960 Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta, saboda haka waɗanda ake kiwo a gidajen Amurka da Turai don sha'awa, a hannun mutane ake ƙyanƙyashe su.

Ɗan wannan ƙadangare yakan fito daga ƙwai da tsawon da bai wuce santimita 10 ba, amma cikin shekara ɗaya da rabi yana iya kusantar santimita 60. To, irin wannan saurin girma shi ne ya sa ƙaramin kuskure wajen kiwo kan zama ajalinsa. Sau da yawa mai kiwo yakan ga ɗan ƙadangarensa ya daina ci, ya rame, idanunsa sun faɗa, ya kwanta wuri ɗaya alhali tsararrakinsa suna ta girma.

Likitocin dabbobi sun lura cewa yawancin wannan lalura daga rashin rana take tasowa. Ƙadangaren da ke daji yana samun zafi da haske kyauta, amma wanda aka kulle cikin akwatin gilashi sai abin da mai shi ya tanadar masa. Jikinsa ba ya ɗumama kansa kamar na akuya ko kaza, kuma idan bai ɗumama ba, abinci ba ya narkewa a cikinsa. Don haka ya kamata gefe ɗaya na akwatin ya kai kimanin digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen digiri 27, domin ya sami wurin komawa idan zafi ya ishe shi. Da ma'aunin zafi ake tabbatar da wannan, domin taɓawa da hannu tana ruɗi.

Bayan zafi akwai wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, watau UVB, wanda da shi ne fata ke sarrafa bitamin D3. Ba tare da wannan bitamin ba jiki ba ya iya amfani da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Daga nan sai muƙamuƙi ya yi taushi, ƙafafu su riƙa rawa, gadon baya ya tanƙware. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye akwati kusa da taga ba ya wadatarwa. Fitila ta musamman ake sakawa, ita ma ƙarfinta yakan ragu tun tana ci, har ya zama dole a sake ta tsakanin wata 6 zuwa 12.

Game da abinci kuwa, ƙaramin ƙadangare ya fi bukatar ƙwari irin su gyare, sau biyu ko uku a yini, tare da ɗan ganye. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma, kuma a barbaɗa masa garin kalsiyam. Ba a shimfiɗa wa ƙarami yashi, domin yana iya haɗiye shi hanjinsa ya toshe. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne gare shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe shi. Har ila yau ba a haɗa ƙarami da babba a akwati ɗaya, gama babban zai mamaye wurin ɗumi da abinci.

To amma akwai lokacin da duk an gyara waɗannan, ɗan ƙadangaren bai farfaɗo ba. A nan sai a garzaya wurin likitan dabbobi da kashinsa, a duba ko akwai tsutsar ciki ko ƙwayoyin da ake kira kwaksidiya, waɗanda duk suna da magani. Wadda ta fi muni ita ce ƙwayar cutar adino, mai lalata hanta da hanji, wadda har takan sa ɗan ƙadangaren ya riƙa banƙare kai sama kamar mai kallon taurari. Ba ta da maganin da ke kawar da ita, sai dai a ware shi, a ɗumama shi, a riƙa ba shi ruwa da abinci mai ruwa-ruwa kamar yadda likita ya nuna. Ɗura masa abinci da ƙarfi yana iya sa ya shaƙe. Yana da kyau a riƙa auna nauyinsa kowane mako ana rubutawa, domin a gane ko jiyyar tana amfani.

Mai jiyya shi ma ya kula da kansa. Waɗannan dabbobi sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau. Tsakanin 2012 da 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 166 a jihohi 36 da suka kamu da ita ta wannan hanya, kuma fiye da rabinsu ƙananan yara ne. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi wajibi ne, kuma ba a wanke kayansa a ɗakin girki.

Duk wanda ya ɗauki dabba ya killace ta, ya ɗauki amanar ranarta da abincinta. Saboda haka tun kafin ɗan ƙadangaren ya shigo gida ya kamata a tanadi fitila da ma'aunin zafi, a kuma san likitan da za a je wurinsa, domin ƙaramin da ya kwana biyu bai ci ba, ba ya jiran ƙarshen wata.