Kafin Ka Ɗaura Farar Ɗamara: Abin Da Sabon Ɗan Kareti Zai Tarar

Iyaye da samarin birnin Shehu suna yawan tare ni a hanya suna tambayar yadda ake shiga wasan kareti. Na daɗe ina koyar da yara takwando a nan Sakkwato, don haka na ga ya dace in zayyana abin da sabon shiga zai tarar tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Mu Sakkwatawa ba baƙin wasan ƙarfi ba ne. Muna da kokawa da ake yi bayan kaka, muna da dambe, kuma duk wanda ya taɓa sauraren marigayi Ɗan Anace yana wasa Shago ya san darajar namijin fage a ƙasar nan. Sai dai su waɗannan da kallo da shiga fage ake koyonsu. Wasannin da suka zo mana daga gabas kuwa makaranta ce sosai, da malami da aji da jarrabawa. Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922. Judo wani malami ne ya kafa shi a 1882, sunansa Jigoro Kano, amma fa Bajapane ne, kada Kanawa su ce nasu ne. Takwando na Koriya ne, ya fi ba da ƙarfi ga ƙafa. A bakin mutanenmu dai duk kareti ne.

To, yawancin samarin da ke zuwa wurina fim ne ya turo su. Sun kalli Bruce Lee da Jackie Chan, sun ɗauka cikin mako biyu za su riƙa tashi sama suna watsa mutum goma. Wani ma, Allah ya sani, budurwa ce yake son burgewa a Mabera ko Runjin Sambo. Sai ya zo ranar farko a ce ya cire takalmi ya zagaya fili da gudu. Daga nan a miƙe jijiyoyi. Daga nan a sa shi tsayuwar doki, wato ya buɗe ƙafafu ya rage tsawo kamar wanda ke bisa sirdi, ya tsaya haka har cinyoyinsa su kama rawa. Naushi ɗaya tak za a nuna masa, ya yi ta maimaita shi a iska ana ƙirga masa da yaren Koriya, hana, dul, set, net. In kareti ne a ce ichi, ni, san. Ba wanda zai taɓa shi, shi ma ba zai taɓa kowa ba.

Kafin mako ya ƙare za ka ji wani ya matso yana cewa, “Malam, wai yaushe za a koya muna bugu? Mu fa wanga tsayi ya ishe mu.” Amsata kullum ɗaya ce, wanda bai iya tsayuwa ba, in ya ɗaga ƙafa shi zai fara kai kansa ƙasa. Makonnin farko akwai gundura, gaskiya ke nan, kuma a nan ne akasari ake gudu.

Sai ciwon jiki. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa iyaye mata hankali. Ran da aka yi atisaye yaro zai koma gida garas, har yana nuna wa ƙannensa abin da ya koyo. Washegari ko jibi ne jiki ke amsawa, ka ga yaro yana tafiya kamar sabon kaciya, zaman tahiya ma sai ya yi dabara. Hajiya, kada ki ce an karya miki ɗa. Tsoka ce da ba ta saba aiki ba, cikin ’yan kwanaki za ta saki, kuma tafiya da motsi kaɗan kaɗan sun fi mata kwanciya. Ciwon da ake tsoro daban yake: wanda ya soki gaɓa farat ɗaya, ko gwiwa ta kumbura, ko yaro ya kasa taka ƙafa, ko ya bugu a kai yana jiri da amai. Wannan asibiti za a nufa da shi, a bar zancen shafa man zafi. Kuma duk malamin da ya hau cinyar yaro da ƙarfi wai sai ya tsaga ƙafafu a rana ɗaya, to a ɗauke yaron daga hannunsa. Jijiya da lallashi take buɗewa, wata da watanni.

Kada a manta garin da muke. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, siminti kuwa ya koma tanda, ga shi ba takalmi ake wasan ba. Shi ya sa ake atisaye bayan Asuba ko bayan La’asar sakaliya. Ka zo da gorar ruwanka, kada ka cika ciki da tuwo ko fura ka taho, ka bari a ƙalla awa biyu. Da hunturu kuma ƙura da faso ne abokan gaba. Da azumi mu kan sassauta, ko mu mayar da shi bayan Asham. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya ya fara ganin likita, kuma ya gaya wa malami tun ranar farko, ɓoyewa ba jarumta ba ce.

Akwai maganar da wasu ke jin nauyin yi mini, ita ce ta rusunawa. A al’adar Japan da Koriya ɗalibi kan sunkuya wa malami da abokin karawa, mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan cewa ruku’u na Allah ne shi kaɗai. Ni a ajina sallama muke yi, mu ɗora hannu a ƙirji. Uba yana da haƙƙin ya tambayi yadda ake yi a wurin da zai kai ɗansa, ya kuma nemi fatawa wajen malaminsa. Haka nan a duba ko ana tsayawa in an kira salla.

’Yan mata fa? Wata uwa daga Gawon Nama ta taɓa ce mini, “Malam, ɗiyata na so, amma mi mutane za su ce?” Na ce Hajiya, kayan wasan dogon wando ne da riga mai dogon hannu. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta ta ci tagulla a takwando a gasar Olamfik ta 2016, ’yar ƙasarsu Feryal Abdelaziz kuma ta ci zinare a kareti a Tokyo a 2021, ita ma kanta a rufe. Amma ina tare da iyaye a kan sharaɗi: a nemi mace mai koyarwa in da hali, a yi a fili inda ido ke gani, uwa ko yaya su iya zama su kalla. Malamin da ya ce yarinya ta dawo ita kaɗai don ƙarin darasi, wannan ba a sake komawa wurinsa.

Batun kuɗi, kada ka yi gaggawar sayen farin kaya. Wandon motsa jiki da riga sun isa wata na farko, in ka ga za ka ɗore sai ka saya ko tela ya ɗinka maka da yadi mai kauri. Ka tambayi kuɗin wata da na jarrabawar ɗamara tun da wuri. A takwando daga fara ake zuwa rawaya, koriya, shuɗiya, ja, sannan baƙa, kuma baƙar kan ci shekara 3 zuwa 5 ga mai naci. Wanda ya yi maka alkawarinta cikin wata shida, aljihunka yake kallo. Haka wanda ke haɗa wa yara da laya, ko yake tara su don bangar siyasa.

Mai dogon buri ya dubi maƙwabta. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Namu Chika Chukwumerije ya kawo wa Nijeriya tagulla daga Beijin a 2008. Su ma da farar ɗamara da tsayuwar doki suka fara.

Abu guda da nake roƙon kowane sabon ɗalibi: wata uku da ka yi ba su mayar da kai maganin wuƙa ba. In ɓarayin waya suka tare ka a lungu da makami, miƙa musu ka tsira da ranka. Wanda kuma na ji labarin ya gwada ƙafarsa a kan ƙaninsa ko abokinsa a makaranta, zai yi mako biyu yana kallonmu daga bakin fili.