Shari'ar mallakar ƙirƙira a kan na'urar gano yoyon wutar lantarki

A gidajen Amurka akwai wata na'ura da ake sawa a soket na banɗaki da ɗakin girki, ana kiranta GFCI. Aikinta shi ne auna wutar da ke fita ta waya ɗaya da wadda ke dawowa ta ɗaya wayar. In an sami bambancin da ya kai kimanin miliamfiya 5, to, wuta tana yoyo ke nan, wataƙila ta jikin mutum. Nan take sai na'urar ta yanke wutar. Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne ya ƙirƙiro ta a 1961.

Takardar mallakar ƙirƙira kuwa izini ce da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu, don ya hana wasu ƙera shi ko sayar da shi har shekara 20. Ba sunan na'ura takardar ke karewa ba, dabarar da aka bayyana a cikinta take karewa. Saboda haka kamfani biyu na iya ƙera na'ura mai aiki iri ɗaya ba tare da wani ya taka haƙƙin wani ba, muddin dabararsu ta bambanta.

A nan ne rikici ya taso. A 2004 kamfanin Leviton na Amurka ya kai ƙarar masu sayar da na'urorin wani kamfanin ƙasar Sin na Chen Wusheng, wanda daga baya aka san shi da sunan General Protecht. A 2007 kotun tarayya a jihar New Mexico ta yanke cewa na'urar Sin ba ta keta haƙƙin Leviton ba. Sai ɓangarorin suka yi sulhu, Leviton ya yi alkawarin ba zai sake ƙara a kan takardun nan ba.

A 2010 Leviton ya dawo da sababbin takardu da suka samo asali daga na farko. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan General Protecht: alkawarin ya shafi takardun da suka tsiro daga tsofaffin, tun da yarjejeniyar ba ta ware su ba.

Abin lura shi ne, dokar da ke kare gumin mai ƙirƙira ita ce kuma ake iya amfani da ita a toshe wa abokin gasa kasuwa. Raba waɗannan biyun shi ne aikin alƙali.